ME YA SA ƘARFEN RUFIN COCI YAKE MURƊEWA?



Ikilisiyoyinmu da dama a Ketare da ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna barin katako suna koma wa ƙarfe wajen yin rufi, saboda gara ta gajiyar da mu, azara mai kyau kuma ta yi wuya. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai halin ƙarfe mara kauri da ya kamata kwamitin gini ya sani kafin a kashe baikon jama'a.

Ƙarafan da ake shimfiɗawa a ɗaura kwano a kansu iri biyu ne. Akwai rufaffe, wato bututu, mai zagaye ko mai kusurwa huɗu. Akwai kuma buɗaɗɗe, mai siffar harafin C ko Z, wanda kaurinsa sau da yawa bai wuce milimita 2 ba. In ka ɗora wa buɗaɗɗen kaya, ba lanƙwasa kaɗai yake yi ba, juyawa yake yi kamar an murɗa jiƙaƙƙen zane. Ku gwada a gida: ku ɗauki kwalin sukari ku murɗa, za ku ji yana gardama. Ku yanke bakinsa biyu, ku tsaga gefe ɗaya daga sama har ƙasa, ku sake murɗawa. Yaro ma zai iya. Ku lura da bakin tsagar, ɗaya yana zamewa gaba, ɗaya baya. Haka ƙarfe yake. Bututu mai faɗin santimita 5 da kaurin milimita 2, in aka tsaga shi a tsaye, taurinsa wajen murɗawa yana raguwa fiye da sau 400, alhali nauyinsa bai canja ba. Injiniya Timoshenko ya yi bincike kan wannan tun 1905, wani ɗan Rasha mai suna Vlasov kuma ya rubuta littafi guda a kai a 1940.

Mai siffar C yana da wata matsala ta daban. Wurin da za a danna shi ya sauka ba tare da ya juya ba yana bayan gadon bayansa ne, a waje, inda babu ƙarfe. Saboda haka duk nauyin da ya hau kansa yana neman juya shi.

Inda abin ya fi damuna shi ne iskar farkon damina. A ranar da babu iska, kwano yana danna ƙarfen ƙasa, kusoshin kwanon kuma suna riƙe leɓensa na sama. Amma in hadari ya taso, iska tana tsotso rufin sama ne. Nan take matsin ya koma leɓen ƙasa, wanda babu abin da ke riƙe shi. Sai ya kauce gefe, ƙarfen ya murɗe, kusoshi su yage kwano. Sai a ce guguwa ce ta fi ƙarfin ginin, alhali tokara ce ba a sa ba.

Maganin ba shi da tsada idan aka kwatanta da sabon rufi. A sa gajerun ƙarafa su haɗa kowane ƙarfe da maƙwabcinsa a tsakiyar tazara, in tazarar tana da tsawo a sa biyu, su kama sama da ƙasa. Inda ƙarfen ya hau babban kan rufi, a kafa masa farantin da zai riƙe gadon bayansa da noti biyu. Ɗigon walda a leɓen ƙasa bai isa ba. Kada kuma a tara bandir ɗin kwano wuri ɗaya a sama kafin a sa tokarar.

Bututu ma yana da nasa lahani: tsatsa tana cinsa daga ciki inda ido ba ya gani, don haka mai walda ya toshe bakinsa. In za ku saye a Funtuwa ko Malumfashi, ku sa a auna kaurin a gabanku. Ginin da faɗinsa ya yi yawa kuwa, a nemi injiniya ya duba zanen kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.