Hunturu da Kamun Kifin Bas a Tafkunan Amurka

Kifin bas mai ratsi, wanda masana ke kira Morone saxatilis, asalinsa ɗan teku ne, lokacin zuba ƙwai kawai yake hawowa koguna. Da aka datse kogin Santee a jihar Karolina ta Kudu a shekarar 1941, sai madatsar ta rutsa da wasu, suka ci gaba da hayayyafa a ruwan daɗi. Daga nan aka riƙa zuba irinsu a tafkunan madatsu.

Me ya sa masunta ke fita nemansa cikin tsananin sanyi? Da zafi ruwan tafki yakan rabu hawa biyu: na sama ya yi ɗumi, na ƙasa kuma iskar oksijin ta ƙaranta, manyan kifayen su takura a tsakani. Da hunturu ruwan saman yakan huce, ya yi nauyi, ya nutse, tafkin ya gauraye. Sanyin kuma yana kashe jikin ƙananan kifayen shad, waɗanda su ne abincinsa. Bas yakan koro su sama, tsuntsaye su yi ca a kansu, masunci ya gane inda zai jefa fatsa.

A nan kayak, siririn kwale-kwalen da ya samo asali daga mutanen Inuwit, ya fi jirgi mai inji, domin ba ya firgita kifi. Sai dai kifewarsa ba abin wasa ba ne. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25, kuma cikin mintoci kaɗan hannuwa kan sandare, ƙwararren mai iyo ma ya kasa komawa cikin kwale-kwalensa.