Ɗaki Ma Yana Da Nasa Amon

Sau da yawa ma'aikaci kan tara kuɗin wata da watanni ya sayi sabwufa, watau akwatin lasifikar nan mai fitar da amo mai kauri, amma da ya kunna sai ya ji gunji kurum, ya ɗora wa mai kanti laifi. Alhali kuwa galibi ɗakin ne.

Ga dalili. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. A ɗaki mai tsawon mita 5, amon da ke kaɗawa sau 34 a daƙiƙa yakan bugi bango ya dawo ya haɗu da kansa, ya cika jikin bango, ya kusa ɓacewa a tsakiya. Bangon siminti irin namu ya fi tsananta wannan, labule kuwa bai iya shanye shi ba.

To, mene ne abin yi? Mai karatu ya ɗora akwatin a kujerar da yake zama, ya sa kiɗa, ya bi gefen bango da rarrafe (yara za su yi dariya, ba komai). Inda amon ya fito sumul, nan ne mazaunin akwatin. Daga nan sai ya tsayar da iyakar aikinsa wajen kaɗawa 80, ya bar wa ƙananan lasifiku sauran.

Ɗalibin da ke son ganin abin da ido, akwai manhajar REW kyauta, sai dai tana bukatar makirfon awo.