Gayya Ce Maganin Rushewar Gine-Ginen Zazzau

A ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta wa masallata, har aka yi asarar rayuka. Wannan masallaci kuwa Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin shekarun 1830, da tubali da azara, ya ɗaure rufinsa da bakan gizo.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun mutane. A da, in damina ta ɗauke, akan yi shelar gayya, samari su kwaɓa ƙasa, magina su yi yaɓe, a gyara indararo, a shafe bango da makuba. Ta haka aka riƙe ganuwar Zazzau da masallatai da zauruka, kuma a nan yara ke koyon sana'ar. Yanzu a Ikara da Maƙarfi da Kudan bulo da kwano sun mamaye gari, tsofaffin magina na ƙarewa, magada sun yi ƙaranci.

To, ko abin da ya kama hanyar ɓacewa yana dawowa? Akwai misali daga can nesa. Ƙabilar Moriyori ta tsibirin Rekohu, gabas da Niyu Zilan, ta sha kisa da bauta bayan harin da aka kai mata a 1835. Da wani dattijonsu, Tommy Solomon, ya rasu a 1933, sai aka dinga koya wa 'yan makaranta cewa ƙabilar ta ƙare. Zuriyarsu ba su yarda ba. Suka haɗa kai, suka kafa masa mutum-mutumi a 1986, suka buɗe zauren taronsu mai suna Kopinga a 2005, suka shiga tattara kalmomin harshensu. Sai a 2020 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniyar neman gafara da biyan diyya, bayan jama'a sun riga sun yi nisa.

Ke nan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata hakimai da dagatai su tsayar da ranar gayya kowace kaka, ƙananan hukumomi su kawo kayan aiki, ɗalibai kuma su zauna gaban sauran magina da alƙalami da takarda tun suna raye.