Ba Riƙo Ba Ne, Ciniki Ne

Mu da muke zagaya ƙauyuka muna duba gonaki mun san lokacin da masu ɗibar yara suka fi zuwa, wato shekarar da damina ta yi gardama, rumbu bai cika ba, ga bashin taki. Sau da yawa mai zuwan ba baƙuwa ba ce. 'Yar gari ce da ta zauna a Kano ko Ikko, ta dawo da turmin atamfa da daɗin baki, wai za a sa yarinya a makaranta, aikinta ɗan wanke-wanke ne kawai. Sai a damƙa wa uba wani abu a hannu. Daga nan dillaliyar ce mai karɓar albashin wata-wata, yarinya kuwa ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, makaranta babu labari. Riƙo al'ada ce mai kyau, amma wannan fataucin mutum ne. Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 kuma ita ce ke bin irin wannan ƙara.

Fataucin ba iri ɗaya ba ne. A 2003 an kwaso yaran ƙasar Benin da ake sa su fasa dutse a wajen Abeokuta. Wasu kuwa bara ake kai su. A 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Akwai kuma wahaya a Nijar, inda ake sayen yarinya a ajiye ta ba aure. Haka aka sayar da Hadijatou Mani tana shekara 12, sai a 2008 kotun ECOWAS ta ba ta gaskiya.

To, 'yan'uwa, kafin yaro ya bar gida a rubuta sunan maigidan da unguwarsa da lambar wayarsa a gaban mai unguwa ko dattawan ikkilisiya. A tambaya, wa zai riƙa karɓar kuɗin? Wani daga cikin dangi ya raka shi ya ga gidan da idonsa. In dillaliya ta ce ba sai an je ba, kada a ba ta yaron.