Yadda Aka Auna Nauyin Abin Da Ba A Gani

In dare ya yi, babu farin wata, ka ɗaga kai sama. Za ka ga wani fari-fari kamar hayaƙi ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Taurari ne masu ɗimbin yawa, nisa ya sa suka haɗe. Masana sun ce garke guda ne, mai taurari fiye da miliyan dubu 100. Ranarmu ma ɗaya ce daga cikinsu.

Garken nan ba a tsaye yake ba. Taurari da iskar gas da ƙura duk suna kewaya tsakiyarsa. Rana tana tafiyar wajen kilomita 230 a daƙiƙa guda, watau kamar daga Kano zuwa Kaduna kafin ka ƙifta ido. Duk da haka sai ta yi shekara fiye da miliyan 200 kafin ta kewayo sau ɗaya.

To, me ya hana su watsewa? Ka tuna da yaro mai majajjawa. Dutse yana kewayawa don igiya tana riƙe da shi. In ya ƙara sauri, dole a ƙara ƙarfin riƙo. A sama babu igiya, nauyi ne ke jawo abu zuwa ga ɗan'uwansa. Saboda haka in an san saurin tauraro da nisansa daga tsakiya, lissafi zai nuna nauyin abin da ke riƙe da shi.

Tun wajen 1992 wani Bajamushe, Reinhard Genzel, ya fara duban tsakiyar garkenmu. Wata Ba'amurkiya, Andrea Ghez, ta biyo baya. Ƙura ta tare hanya, sai suka yi amfani da hasken zafi wanda idon mutum ba ya gani. Suka bi sawun wani tauraro mai suna S2, wanda ke kewaya tsakiyar cikin shekara 16. A 2018 da ya matso kusa ƙwarai, gudunsa ya wuce kilomita 7,000 a daƙiƙa. Lissafi ya nuna akwai nauyin rana miliyan 4 a cunkushe a ɗan ƙaramin wuri. Shi ake kira baƙin rami, domin ko haske ya faɗa ba ya fita. An ba su kyautar Nobel a 2020, aka fito da hoton inuwar ramin a 2022.

Amma kada ka zaci ramin nan ne ke riƙe da garken duka. Nauyinsa kaɗan ne a kan na taurarin. A bakin garke ma akwai wani abin mamaki. Kamata ya yi na nesa su rage sauri, kamar yadda duniyoyin da ke nesa da rana suke tafiya a hankali. Daga 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna garke-garke da yawa, suka tarar na baki suna gudu kusan daidai da na ciki. Ke nan akwai wani nauyi ɓoyayye wanda ya ninka na taurari. Har yanzu masana suna neman ko mene ne.

Tambayoyi
1. Me ke hana taurari watsewa?
2. Abubuwa biyu nawa ake bukata kafin a auna nauyin tsakiya? Faɗe su.
3. Me ya sa ake cewa baƙin rami?