Tafiya da barci ga dattijo mai ciwon sikizofireniya

Sikizofireniya nau'in taɓin hankali ne da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, ko zargin ana ƙulla masa makirci. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 na ɗauke da shi.

A Damari da ƙauyukan Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, wanda ya tsufa da ciwon nan sau da yawa zaure ake bar masa: ya wuni kan tabarma, a kawo tuwo, a ɗauke kwano. Tausayi ne, amma yana cutar da shi. Magani irin olanzapine na ƙara ƙiba da haɗarin ciwon sukari, haloperidol kuma na sandarar da gaɓoɓi. Ga rashin motsi, sai ya yi ta gyangyaɗi da rana, dare ya yi ya kwana ido biyu. Rashin barcin kan tsananta muryoyin da ƙuncin rai. Fargabar 'yan bindiga a yankin ma ta isa ta hana mai lafiya runtsawa, balle shi.

Hukumar na ba dattawa shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Jika ya raka Baba masallaci da ƙafa, su zaga unguwa da hantsi, a bar masa ba awaki dusa. Hasken safiya na daidaita lokacin barci. Goro da shayi kuwa a daina ba shi bayan la'asar.

Kada a dakatar da magani don an ga sauƙi. Idan barci ya ƙaurace masa kwanaki a jere, a kai shi babban asibitin Funtua, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna.