Kafin Alƙalami Ya Bushe: Haƙƙin Talaka a Majalisar Jiha

Galibinmu ba ma jin labarin doka sai ranar da ta riske mu a bakin rumfa, ma'aikacin haraji ya miƙo takarda, ko kuwa jami'i ya tare mutum a hanya ya ce an haramta goyo a babur, sa'an nan a shiga salati ana tafa hannu ana tambayar yaushe aka yi haka, alhali kuwa dokar nan ta yi makonni, wata sa'a watanni, tana kai da kawowa a Majalisar Dokokin jiha, wadda mu da kanmu muka bi layi cikin rana muka zaɓi waɗanda ke zaune cikinta.

Tsarin Mulki na 1999 ya hukunta kada wakilan majalisar jiha su gaza 24, kada kuma su haura 40, kamar yadda Kano da Legas suke da cikon arba'in ɗin. Ƙuduri kuwa, ko daga gwamna ya fito ko daga wani wakili, sai an yi masa karatu na farko, wanda ambaton suna ne kawai, sa'an nan karatu na biyu inda ake muhawara a kan manufarsa, daga nan a miƙa shi ga kwamiti. To, a nan ne ƙofar talaka take, domin kwamiti ne ke bin ƙuduri sashe sashe, shi ne kuma ke kiran zaman sauraron ra'ayin jama'a, inda malami da ɗan kasuwa da mai goyon marayu duk suke da izinin faɗin maslaha ko mafsadar da suka hango. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an yi karatu na uku, gwamna na da kwana 30 ya sa hannu, in ma ya ƙi, sulusi biyu na wakilai sun isa su zartar ba da shi ba.

Na taɓa halartar irin wannan zama a wata jiha, a kan ƙudurin kuɗin rumfunan kasuwa. Kujeru fiye da rabi babu kowa, ga lauyoyi da ma'aikatan ƙungiyoyi sanye da kwat sun cika sahun gaba, don kuwa a jaridar Turanci kaɗai aka buga sanarwar. Can sai wani dattijo, shugaban 'yan gwari, ya miƙe da wata takarda da ya rubuta da ajami, gefenta duk shatin goro, ya ce, "Ranka ya daɗe, mai atamfa in bai sayar yau ba gobe tana nan, mu kuwa tumatir kwana biyu ne ya zama na juji. Yaya za a yi mana kuɗi ɗaya?" Shugaban kwamiti ya yi shiru, ya juya ga akawu ya ce a rubuta. Duk masu kwat ɗin nan babu wanda ya kawo wannan hujja, saboda babu wanda kwando ya taɓa ruɓewa a hannunsa.

Sai dai wajibi ne in yi nasiha, kada mai karatu ya zaci kowane ƙuduri ne ake kira wa jama'a. Sashe na 101 na Tsarin Mulki ya bar wa kowace majalisa ta tsara ƙa'idojin aikinta, in kuwa masu iko suna gaggawa, sai a gama komai kafin labari ya kai unguwa. Mutanen Kano shaida ne: a watan Mayu na 2019, cikin 'yan kwanaki aka zartar da dokar ƙirƙiro masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, kotu ta rushe ta don rashin bin ƙa'ida, aka sake yin ta a watan Disamba, sa'an nan a Mayun 2024 wata majalisar ta soke ta da irin wannan hanzari. Ko mutum yana goyon wane ɓangare, ai ya ga al'amari mai girma irin wannan ya cancanci mushawara mai tsawo.

In wakili ya ƙi sauraron jama'a, akwai kiranye a sashe na 110, amma sharaɗinsa na da nauyi, don sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu kafin hukumar zaɓe ta kira ƙuri'ar raba gardama. Abin da ya fi sauƙi shi ne takardar koke. Jama'ar unguwa ko ƙungiyar sana'a su zauna su rubuta, da Hausa ma ya wadatar, su ambaci sunan ƙudurin da sashen da ya dame su da gyaran da suke nema, su sa sunayensu da adireshi, su kai ɗaya ga wakilin mazaɓarsu, ɗaya ofishin akawun majalisa, kuma kada su baro wurin sai an buga musu hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za su koma da shi gida.